Otto Weddigen da jirgin U-9: yadda ƙaramin jirgin nutso ya kifar da manyan jiragen yaƙi uku kafin hantsi

Tambaya: Malam, na ji an ce a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya wani matashin hafsan Jamus ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Birtaniya uku cikin awa guda, da ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa. Wane ne shi, ta ina ya bi ya kai wannan matsayi, kuma sa'a ce ya taka ko gwaninta ce? Ina ya ƙare?

Amsa: Sunansa Otto Weddigen, jirgin kuma U-9 ne, ranar ita ce 22 ga Satumba, 1914. Gyara ɗaya kafin mu shiga: awa gudan da ake faɗa an ɗan rage. Daga harbin farko zuwa nutsewar jirgi na uku an yi kamar awa ɗaya da rabi. Batun sa'a kuwa, ta samu, amma ta tarar da mutumin da ya shekara uku yana horar da ma'aikata a cikin jirgi guda, kuma a ganina wannan shi ne mabuɗin labarin nasa duka, har da yadda ya mutu.

An haife shi ranar 15 ga Satumba, 1882 a garin Herford na Jamus, gidan masu masana'antar saƙa, nesa da teku. Ya shiga sojan ruwan Jamus a 1901. Bayan ya zama hafsa aka tura shi rundunar Jamus da ke gabashin Asiya, ya yi aiki a ƙananan jiragen sintiri, ciki har da Vaterland mai yawo a kogin Yangtze na ƙasar Sin. A ƙarshen 1908 ya dawo gida ya shiga sashen jiragen nutso. Lokacin sashen jariri ne, don jirgin nutson Jamus na farko, U-1, a Disambar 1906 ya fara aiki, kuma babban mai tsara rundunar, Alfred von Tirpitz, hankalinsa na kan manyan jirage masu sulke. Hafsan da ke neman girma da wuri ba nan yake zuwa ba. Amfanin wurin ɗaya ne: ƙaramin hafsa yana samun jirgin kansa tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, abin da a babban jirgi sai ya yi furfura. Weddigen ya yi mataimaki a jiragen farko-farko, ya riƙe wasu na ɗan lokaci, sannan ranar 1 ga Oktoba, 1911 aka damƙa masa U-9.

Sai ka san jirgin kafin ka gane abin da ya yi da shi. An ƙera U-9 a Danzig, ya fara aiki a 1910. Tsawonsa mita 57 da ɗoriya, nauyinsa tan 493 a saman ruwa, tan 611 idan ya nutse. Mutanen ciki ba su kai talatin ba. Bututun harba topido (dogon bam mai tura kansa a cikin ruwa) huɗu gare shi, biyu a goshi biyu a baya, faɗin kowanne santimita 45, topidon kuma shida kacal: huɗu a cikin bututu, biyu a ajiye a gaba. A saman ruwa yana gudun kilomita 26 a awa, a ƙasa kuma 15, shi ma ɗin na ɗan lokaci ne, domin cikakken gudu a ƙasa yana shanye batir cikin awa guda ko ɗan fiye.

Injinansa na saman ruwa na kamfanin Körting ne, masu shan kananzir. Jamusawa sun guji fetur saboda tururinsa a rufaffen jirgi yana bugar da mutane kuma yana kamawa da wuta, injin dizal mai aminci kuma bai iso ba tukuna. Kananzir ya raba su da gobara ya haɗa su da wata masifar: farin hayaƙi mai kauri da rana, tartsatsi da dare, ga ƙara. Ana hango jirgin daga nesa. Bututun hayaƙin dogo ne, sai an kwantar da shi an toshe ramin kafin a nutse, shi ya sa nutson waɗannan jirage yake cin mintuna, ba daƙiƙoƙi ba. Kuskure ɗaya a irin waɗannan ramuka ya isa. A Janairun 1911 U-3 ya nutse a tashar Kiel saboda ruwa ya shiga ta hanyar iskar da ba ta rufu ba, mutum uku suka mutu har da kwamandansa. Ruwan teku kuma idan ya taɓa ruwan batir, iskar kulorin ce ke tashi, wadda ke ƙone huhu.

Nutso kansa ga yadda yake. Jirgin yana da manyan tankuna da ke cike da iska idan yana sama. A buɗe bawul na sama iska ta fita, ruwa ya shigo ta ƙasa, jirgi ya yi nauyi. Abin da ake nema shi ne nauyin jirgin ya zo daidai da nauyin ruwan da ya ture, ba ya tasowa ba ya faɗawa, sai fikafikan gaba da na baya su riƙe shi a zurfin da ake so, muddin yana tafiya. Akwai kuma ƙananan tankuna a goshi da wutsiya, ana tura ruwa tsakaninsu da famfo don kada gaba ya rinjayi baya. Wannan daidaito sirara ne ƙwarai. Abincin da aka ci, man da aka ƙona, gishirin ruwan wurin, har mutum uku su tashi daga baya su koma gaba, duk suna taɓa shi. A zurfin leƙe, inda madubin leƙe (dogon bututun da kwamanda ke ganin saman ruwa ta cikinsa) kaɗai ke fitowa, tazarar kuskure ba ta wuce mita ɗaya ko biyu ba: ka yi ƙasa kaɗan ka makance, ka yi sama kaɗan hasumiyar jirgi ta fito fili.

Yanzu ka ɗora harbi a kan wannan. Topido ɗaya na wancan zamani ya haura kilo 700. Idan ya fita, ruwa yana cika bututun ya maye wani ɓangare na nauyin, amma akwai 'yan daƙiƙoƙi da goshin jirgi yake zama fayau, ga iskar da ta tura topidon ita ma tana ɗaga shi. A harba biyu tare, an cire kusan tan ɗaya da rabi daga wuri guda. Goshi sai ya yi tsalle sama. Maganinsa a jirage irin U-9 har da na ƙafa: injiniya ya ba da umarni, duk wanda hannunsa ba ya kan aiki ya ruga gaba ta ƙananan ƙofofi, in goshi ya yi ƙasa da yawa a rugo baya. Sake loda bututu a ƙarƙashin ruwa ya fi wannan wuya, don ana jan ƙarfe mai tsawon mita biyar ko fiye da sarƙa da kura a cikin ɗaki matsattse, nauyi yana matsawa gaba, ruwan bututu kuma ana zuƙe shi zuwa tanki. Mutanen U-9 sun yi wannan a atisaye ranar 16 ga Yuli, 1914, kuma su ake lissafawa na farko da suka yi shi a nutse. Saura kwana kaɗan yaƙi ya ɓarke. Ba don wannan atisaye ba, da harbi huɗu kawai Weddigen yake da shi a ranar 22 ga Satumba, ba shida ba.

Farkon yaƙin bai yi wa jiragen nutson Jamus daɗi ba. A fitar farko ta Agusta jirage goma suka tashi, U-9 ya juyo saboda inji ya ba da matsala, U-13 bai dawo ba, U-15 kuma jirgin Birtaniya mai suna Birmingham ya tarar da shi a saman ruwa ya bi ta kansa. Sai 5 ga Satumba U-21 na Otto Hersing ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya Pathfinder, ranar 13 kuma Max Horton na Birtaniya ya rama da nutsar da jirgin yaƙin Jamus Hela. Wato gargaɗi ya riga ya iso kowane ɓangare.

Jiragen uku su ne Aboukir, Hogue da Cressy, kowanne tan 12,000, tsawon mita 144, tsofaffi masu cin kwal da aka ƙera wajen 1900. Yawancin mutanen cikinsu sojojin ko-ta-kwana ne da aka kira daga gidajensu, magidanta, tare da yara 'yan makarantar sojan ruwa na Osborne da Dartmouth. Aikinsu sintiri a yankin Tekun Arewa da ke kusa da gaɓar Holan. Hafsoshin da suka san aikin, irin su Roger Keyes da Reginald Tyrwhitt, sun yi ta cewa a janye su, har ana yi wa rukunin laƙabi da abincin ƙugiya. Winston Churchill, wanda ke shugabantar ma'aikatar sojan ruwa, ya rubuta ranar 18 ga Satumba cewa a ɗauke su daga wurin. Ba a ɗauke su nan take ba. Guguwa ta kori ƙananan jiragen rakiyarsu zuwa tashar Harwich ta Ingila, jirgin babban hafsansu, Euryalus, ya koma shan kwal, ragamar ta faɗa hannun Kyaftin Drummond na Aboukir.

Weddigen ma ba su ya fito nema ba. An aike shi ne ya tare jiragen dakon sojoji a wajen Ostend ta Beljiyam. Guguwar nan ta jijjiga shi, kamfas ɗinsa ya rikice, ya kwana a nutse don mutanensa su huta da bugun igiyar ruwa. Da asuba ya taso yana cajin batir, hayaƙi na tashi, sai mataimakinsa Johannes Spiess ya hango dogayen sandunan jirgi ta kudu. Aka katse caji aka nutse. Ka riƙe wannan: ya shiga faɗan da batirin da bai cika ba.

Jiragen suna tafe kafaɗa da kafaɗa, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kamar kilomita uku da rabi, gudun kilomita 18 a awa, a miƙe sambal, babu kauce-kauce. Lissafin da kwamanda yake yi a ka, da ido ɗaya a madubi, ga shi. Topido yana gudun kamar mita 15 a daƙiƙa. Daga mita 500 zai yi daƙiƙa talatin da 'yan kai kafin ya isa. Jirgin da ke gudun kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a daƙiƙa, wato kafin topido ya iso ya matsa mita 160 ko fiye, ya fi tsawon jikinsa. Saboda haka ba jirgin ake auna ba, ana auna ruwan da ke gabansa, da kusurwa wajen digiri 20. In ka yi kuskuren gudunsa da kashi ɗaya cikin huɗu daga wannan tazara, har yanzu kana iya samunsa. Daga mita 2,000 kuskuren nan ya ninka huɗu, ka yi asarar topido. Shi ya sa Weddigen yake matsowa har inda ake jin tsoron fashewar ta taɓa shi, kuma shi ya sa tafiyar kauce-kauce take da amfani: tana lalata lissafin bayan an riga an harba. Madubin kuma ba a barinsa a sama, don yana yanka ruwa ya bar farin kumfa. Daƙiƙa kaɗan, a sauke, a lissafa, a sake ɗagawa.

Wajen ƙarfe 6:20 ya harba ɗaya kan Aboukir daga kimanin mita 500, ya yi ƙasa. Ya same shi a gefe, ɗakin inji ya cika da ruwa. Babu wanda ya ga madubi, sai Drummond ya ɗauka nakiya ya taka, ya kira sauran biyun su matso. Daga baya ya gane ya ce su nisanta, amma aikin gama ya gama. Tururi ya ɗauke, injin sauke kwale-kwale ya mutu, guda ɗaya kawai aka iya saukewa. Cikin kamar minti 25 zuwa 30 jirgin ya kife.

Me ya sa jirgi mai tan 12,000 zai kife da topido ɗaya? Sulkensa yana kare shi daga harsashin igwa ne, a daidai bakin ruwa da sama. Topido yana bugawa a ƙasan sulken. Sannan cikin irin waɗannan jirage an raba shi da bango a tsaye daga gaba zuwa baya, ga rumbunan kwal a gefe, sai ruwa ya taru a ɓangare ɗaya. Jirgi ya karkata, ramukan igwa da tagogin da ke kusa da ruwa su nutse, ruwa ya ƙara samun ƙofa.

Hogue ya matso ya tsaya cik yana sauke kwale-kwale. A lokacin mutanen U-9 sun riga sun sake loda bututun da aka harba. Ƙarfe 6:55 Weddigen ya saki biyu daga mita 300 ko ƙasa da haka. Jirgin da ke tsaye ba ya bukatar lissafi. Duka biyun suka samu. Nan abin da na bayyana a sama ya faru: goshin U-9 ya yi sama ya fito fili, 'yan igwar Hogue suka buɗe masa wuta. Ba su same shi ba, aka rugo gaba aka danne shi ya koma. Hogue bai yi minti ashirin ba ya nutse.

Cressy ya ga abin da ke faruwa. Ya yi harbi kan abin da ya ɗauka madubi ne, ya yunƙura ya taka, sannan ya koma ɗiban mutane. A nan ne mutum zai ce Kyaftin Johnson na Cressy ya yi wauta, amma ka tsaya a inda yake: ɗaruruwan 'yan'uwansa ne a ruwa suna kiran ceto, kuma duk tarbiyyar da ya samu ta ce ba a barin mutum a teku. Dokar da ta dace ba a rubuta ta ba tukuna. Weddigen ya juya masa baya ya harba na wutsiya biyu wajen 7:20 daga kusan mita 900, ɗaya ya samu. Batir ya kusa ƙarewa, injiniya yana faɗa masa, duk da haka ya kewayo ya saki na shida, na ƙarshe, wanda aka loda a nutse. Ƙarfe 7:55 Cressy ya tafi, Johnson na cikin waɗanda suka mutu.

Mutum 1,459 suka halaka, 837 suka tsira. Jiragen kasuwancin Holan biyu, Flora da Titan, da jiragen masunta na Ingila su suka tsamo yawancinsu. Akwai wani yaro ɗan shekara 15 daga Aboukir da ya yi iyo zuwa Hogue, aka buge Hogue, ya kai Cressy, shi ma aka buge jirgin, kuma yaron ya rayu. Mamatan sun ninka na Birtaniya a shahararren yaƙin teku na Trafalgar na 1805 sau uku. Bayan wannan ne ma'aikatar sojan ruwa ta ba da umarnin cewa babban jirgi kada ya tsaya ceto inda ake zaton jirgin nutso, ya bar wa ƙanana, kuma a riƙa tafiya da sauri ana kauce-kauce.

Umarni a takarda daban, sabo daban. Ranar 15 ga Oktoba Weddigen ya tarar da tsohon jirgin yaƙin Birtaniya Hawke a gabas da Aberdeen ta Sikotland. Hawke ya tsaya karɓar wasiƙu daga wani jirgin, Endymion, ta kwale-kwale, sannan ya ci gaba a miƙe. Topido ɗaya, ya kife cikin mintuna, mutum 524 suka mutu.  A kwanakin nan fargabar jiragen nutso ta sa Jellicoe, kwamandan babbar rundunar ruwan Birtaniya, ya kwashe ta daga mazauninta na Scapa Flow a arewacin Sikotland zuwa yammacin Sikotland da arewacin Ailan har a gyara tsaron mashigin. A gida kuwa Weddigen ya zama gwarzo: lambar Giciyen Ƙarfe gare shi da duk mutanensa, an yarda U-9 ya ɗaura alamar a hasumiyarsa, shi kuma a ƙarshen Oktoba aka ba shi Pour le Mérite, lambar soja mafi girma ta Prusiya.

A Janairun 1915 ya ji rauni a ƙafa, ya miƙa U-9 ga Spiess. Da ya warke, ranar 16 ga Fabrairu, aka ba shi U-29: sabo, mai injin dizal, ya fi girma, ya fi nisan zango, topidonsa santimita 50. Ta kowace fuska ya fi U-9, sai fuska ɗaya, mutanen ciki ba nasa ba ne. Kwana biyu bayan haka dokar Jamus ta mayar da ruwan da ke kewaye da Birtaniya fagen yaƙi ta fara aiki, aikin ya koma farautar jiragen kasuwanci. Weddigen ya tashi daga tashar Zeebrugge ta Beljiyam ranar 10 ga Maris, ya nutsar da jirage huɗu, uku daga ciki, Headlands da Indian City da Andalusian, a kusa da tsibiran Scilly, kudu maso yammacin Ingila. Yana tsayar da jirgi, ya ba ma'aikata lokaci su shiga kwale-kwale, wani lokaci har ya ja su zuwa kusa da gaɓa, abin da ya sa jaridun Ingila suka yi masa laƙabin ɗan fashin teku mai ladabi.

Ya biyo ta arewacin Sikotland zai koma gida, ranar 18 ga Maris ya faɗa tsakiyar babbar rundunar Birtaniya tana atisaye a gabas da mashigin Pentland. Ya harba kan babban jirgin yaƙi Neptune bai samu ba. Kwatanta da Satumba: waɗannan ba tsofaffi uku ba ne masu tafiyar hawainiya, rukuni-rukuni ne na manyan jirage masu gudu, suna sauya hanya, kowanne da masu tsaro da aka gaya wa abin da za su nema. Mai madubi ɗaya yana kallon gefe guda ne, kuma yayin da hankalinsa ke kan rukunin da ya harba wa, wani rukunin yana tahowa ta wani gefen. Daga kan babban jirgin yaƙi Dreadnought aka hango madubinsa a gaba. A 1915 babu bam ɗin zurfi, babu na'urar gano jirgi a ƙasan ruwa, makamin da ya rage shi ne goshin jirgi. Dreadnought mai tan 18,000 ya ƙara wuta ya bi shi, har ya kusa gogar wani babban jirgin, Temeraire, da shi ma ya yunƙuro. Jirgin nutso da ke zurfin leƙe yana bukatar ya sauka mita da yawa kafin gindin babban jirgi ya wuce ta kansa, kuma wannan aikin daƙiƙoƙi ne tsakanin kwamanda da injiniya da masu riƙe fikafikai, irin aikin da mutanen U-9 suka shekara uku suna maimaitawa. Da mutanen U-29 kwana talatin ya yi.

Dreadnought ya sare shi. Goshin U-29 ya taso sama na ɗan lokaci, har waɗanda ke kan bene suka karanta lambarsa, sannan ya koma. Duka mutum 32 da ke ciki suka mutu, Weddigen yana da shekara 32. U-9 kuwa, mai hayaƙin kananzir, ya ga ƙarshen yaƙin lafiya, aka miƙa shi ga Birtaniya a Nuwambar 1918, aka farfasa shi a 1919.